Gailan Mai Fure na Kawu Kuen

Duk wanda ya daɗe a layinmu ya san Kawu Kuen, ko da bai san cikakken sunansa Fok Bing-Kuen ba ne. Dattijon nan ne gajere mai faɗin kafaɗa, wanda yake tafiya yana ware ƙafafu kamar ƙasar birninmu Guangzhou tana lilo a ƙarƙashinsa. Ba laifinsa ba ne. A cikin kwale-kwale aka haife shi, a kan ruwa ya yi rarrafe da igiya ɗaure a ƙugu don kada ya faɗa kogi, kuma sai da ya yi wayo sosai aka ba iyayensa ɗaki a tudu. Ko da suka hau tudun ma, ruwan bai sake shi ba. Da ya tasa sai ya samu aiki a jirgin fito. Shi ne mai jefa igiya in an iso gaɓa, shi ne mai kwancewa in za a tashi, haka ya yi ta kai da kawo har kansa ya yi fari.

A jirgin nan ya samo matarsa. Sau-Ying 'yar manoman lambu ce daga ƙetaren kogi. Kullum da sassafe takan shigo da kwanduna biyu rataye a sandar gora, cike da gailan, ganyen nan mai kara kamar yatsa wanda ba a raba teburinmu da shi in sanyi ya shigo. Wata rana saurayi Kuen ya ce bari ya yi abin burgewa. Ya karɓe mata kwando ɗaya ya dire a lungu, ya ɗauko buhun wani mai kabeji ya ɗora a kai don a samu fili. Da ta ɗaga buhun ta ga karan sun kakkarye, sai ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta ja wani dogon tsaki. Kawu Kuen yakan rantse cewa har matuƙin jirgin sai da ya waiwayo, ya ɗauka injin ne ya samu matsala.

"Ɗan ruwa," in ji ta, "ka tsaya a kan igiyarka. Ganye ba kifi ba ne."

Shekara ba ta zagayo ba aka yi bikinsu.

Daga nan aka raba aiki, kuma ba a sake tayar da maganar ba: kogi nasa, kicin nata. Inna Ying, kamar yadda yaran layi suka taso suna kiranta, ta bar lambu ta shiga masana'antar ɗinki, ta haifi ɗa guda, Kin-Fai. Amma ko a lokacin da aiki ya fi yi mata yawa, ba ta taɓa dafa ganyen da ya kwana ba. Safe kasuwa, yamma kasuwa. Da aka gina gadoji, aka haƙa wa jirgin ƙasa hanya ta ƙarƙashin kogi, masu hawa fito suka ragu, Kawu Kuen ya yi ritaya, sai ya samu sabon muƙami: ɗan riƙon kwando. Yakan bi ta a baya har bakin rumfar Gwaggo Mak mai ganye, ya juya baya yana kallon masu buga dara a gindin bishiya, ita kuwa tana can tana birkita tulin gailan suna cacar baki da mai kayan. Abin da take dubawa a jikin karan nan, bai taɓa tambaya ba. Shi dai ya san in an zauna cin abinci za ta tsinko mai kyau ta ajiye masa a kan shinkafarsa, ya tauna ya ji ƙaras, ɗaci kaɗan, zaƙi ya biyo baya. Shi kuma ya zuba mata shayi, ta ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu. A nan haka ake godiyar shayi, kuma iyakar godiyar da ya taɓa samu daga wurinta ke nan. Ta kuwa ishe shi.

Bara, ana fita daga zafi, ta sunkuya za ta ɗauki murfin tukunya sai ta sulale ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya karye. Ranar da aka sallamo su daga asibiti, likitar ta yi musu bayani dalla-dalla: maƙogwaronta lafiya lau, ta ci duk abin da take so in dai an yanka ƙanana, kuma a riƙa fita da ita tana ganin mutane. Kawu Kuen ya yi ta gyaɗa kai.

To, amma likita sau ɗaya ta faɗi nata, matan layi kuwa kullum suna faɗin nasu. A wurinmu, wannan ciwo iska ce take kawo shi, iskar nan mai kaɗawa, ta samu kafa ta shige jiki. Wanda ta buga sau ɗaya kuma, in ta sake samunsa, sai dai wani ba shi ba. Don haka aka rufe tagogi ruf, aka cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Aka hana ta duk wani abinci mai sanyi, ba sanyin firji ba, sanyin da yake cikin halittar abin, kuma ganye ne a sahun farko. Ya rage saura kunun shinkafa fari fat, safe, rana da yamma. Shi ne kaɗai abin da Kawu Kuen ya iya dafawa, saboda haka shawarar ta zo masa daidai.

Inna Ying ta sha na ɗan lokaci, sannan ta rufe baki. In ya kawo cokali sai ta juya kai wajen bango. Ba faɗa, ba kuka, ba tsaki. Na ƙarshen nan ne ya fi tayar masa da hankali, don mace ce da ko ruwan sama ya sauko ba a lokacinsa ba sai ta yi masa tsaki. Munduwar koren dutse da ke hannunta, wadda a da sai an shafa sabulu take fita, ta fara zamewa har gwiwar hannu.

Kin-Fai yana aiki a birnin Shenzhen, can yake da matarsa da 'yarsa. Kullum da yamma yakan kira a waya mai hoto.

"Baba, juya wayar in ga Mama."

Ya juya. Yaron ya ƙare mata kallo.

"Ta ci wani abu yau?"

"Ta ɗan taɓa."

"Taɓawa kamar yaya?"

"Kai ɗan sanda ne? Na ce maka ta taɓa."

"Baba, ka saurare ni. Na yi magana da wani gidan jinya a nan kusa da mu. Suna da ma'aikata, kuma in mutum ya ƙi ci ta baki akwai robar da ake sa masa ta hanci. Zan zo bikin tsakiyar hunturu. In na tarar da ita haka, da ita zan koma."

"Ni fa?"

"Gadon mutum ɗaya ne. Kai ka zauna a wurinmu, ka riƙa zuwa dubiya."

Kawu Kuen bai yi fushi da yaron ba, ai gaskiya ya faɗa. Amma ya san matarsa. In aka ɗauke ta daga gidan nan aka zura mata roba a hanci, za ta juya kai wajen wani bangon ne kawai, kuma ba za ta sake juyowa ba.

Washegari ya sauko da kwandon cefane daga jikin ƙusa. Ya yi lissafinsa shi kaɗai: abin da ta fi so a duniya gailan ne, in kuma sanyinsa ake tsoro, ai wuta tana korar sanyi. Zai dafa shi har sanyin ya fice ya bar gari.

Gwaggo Mak mace ce mai jiki, da murya kamar lasifikar tashar jirgi. Tun daga nesa ta hango shi.

"A'a! Ɗan riƙon kwando! Yau kai ne da cefane? Ya mai jikin?"

"Da sauƙi. Gailan zan saya."

"Miƙo kwandon in zaɓar maka."

"Bar shi. Shekara nawa ina tsaye a bakin rumfar nan? Na san abina."

"Tsayawa kam ka yi, amma ƙeyarka ce ta ga ganyen. Idonka yana wurin masu dara."

Bai kula ta ba. Ya ƙare wa tulin kallo, ya ga duk ƙanana ne sirara, sai can gefe ya hango wasu manya, kara kamar mariƙin filafilin tuƙa kwale-kwale, sun buɗe fararen furanni gwanin sha'awa. Ya ce a ransa, mara lafiya ai sai da mafi kyau. Ya kwashe su.

"Kawu Kuen, budurwa ka yi ne za ka kai mata fure? Waɗannan fa ware su na yi zan ba mai zomaye."

"Kishi kike yi, ke ba a taɓa kawo miki ba."

"Je ka abinka. In ta jefe ka da kwano kada ka ce ban faɗa maka ba."

Ya cika tukunya da ruwa, ya zuba su duka, ya rufe, ya koma ya sha shayinsa ya saurari labaran rediyo har aka gama. Da ya buɗe, ganyen ya koma ruwan ɗorawa ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma, karan kuwa yana nan da zarensa kamar igiyar jirgi. Ya jera a faranti, ya tsinko 'yan furannin da suka tsira ya ɗora a sama don ado, ya kai gabanta.

Idonta ya baro bango. A hankali ta ɗago hannun hagu, ta ɗauki kara ɗaya ta juya gindinsa. Tsakiyar fari ce busasshiya, har da rami. Ta dubi ramin, ta dubi mijinta tun daga kai har ƙafa, sannan ta ja tsaki. A karkace ya fito, don rabin baki ne yake aiki, amma tsaki ne sosai.

Saura kaɗan cokali ya suɓuce masa.

"Sake yi, tsohuwa! Don girman iyayenki sake yi!"

Ta ture farantin. Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, amma ranar Kawu Kuen ya wanke tukunya yana waƙa.

Kashegari ya sauke girman kai ya bar Gwaggo Mak ta zaɓa, bayan ta sha dariyarta ta ƙoshi. Ya rage tafasa. Inna Ying ta duba, ta sansana, ta ture. Da gari ya sake wayewa ya ɗauko kwando zai fita, ya bi ta gefen keken marasa lafiya da take zaune a kai, sai ya ji an riƙe. Hannun hagun nan ne ya damƙi mariƙin kwandon. Ya ja, ta ja.

"Saki mana, tsohuwa, za a kwashe masu kyau."

Ta nuna ƙofa da haɓa.

Sai a lokacin ya gane. Ba cin ne kaɗai aka raba ta da shi ba. An raba ta da kasuwa, da cacar baki, da birkita tuli, an zaunar da ita a ɗaki rufe ana ɗura mata farin kunu kamar jaririya. Amma a waje iskar arewa ce take kaɗawa, har tana kuka a jikin taga.

"Kina jin ta kuwa? Ita ce fa ta kayar da ke. In na fitar da ke ta sake samunki, in ce wa yaron nan me?"

Ba ta saki ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ranar ba a je kasuwa ba. Kada ka ɗauka maganar matan layi kawai yake tsoro. Shi kansa ya yarda da iskar nan har cikin ransa, ya ga abin da ta yi wa mahaifinsa a kan ruwa. Amma da ya daɗe a zaune sai wani tunani ya zo masa. Ganye kam bai san shi ba, ya yarda. Iska fa? Ai ita ya yi wa aiki tun yana rarrafe. Ya san ta arewa takan yi kwanakinta tana hauka, sannan ta kwanta, kuma safiyar da ta biyo baya ko gashin kaza ka ajiye a bakin kogi ba zai motsa ba.

"To," ya ce, "ba ni kwandon. Na yi alkawari. Ranar da ta kwanta, tare za mu."

Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta saki.

Ya shiga gadin iska. Da asuba yakan leƙa ya dubi shanyar maƙwabta a jikin gora, ya dubi hayaƙin turaren da ake kunnawa a bakin ƙofofi. Ranar da ya ga hayaƙin ya miƙe sama tsaye kamar zare, ya koma ciki ya fara shirya ta. Rigar sanyi a kan rigar sanyi, tsohon kwat ɗinsa na jirgi, hular ulu, bargo, har sai da ya rage idanu kawai ake gani. Ya janye tsumman ƙarƙashin ƙofa ya turo keken waje.

Wata maƙwabciya ta leƙo daga tagar bene.

"Kuen! Ka haukace ne? Kashe ta za ka yi?"

"Na tambayi iskar, ta ce yau hutu take yi."

Bakinsa ne kawai yake wasa, zuciyarsa kuwa dukan tara-tara take. Ya bi jikin bango, kuma duk inda wani layi ya ɓullo sai ya sha gaban keken ya tare da faɗin bayansa har su wuce.

Da Gwaggo Mak ta ga abin da ake turowa, muryarta ta ɗauke, abin da ba a taɓa gani ba a kasuwar nan. Ta goge ido da bayan hannu. Sannan ta dawo hayyacinta.

"Shi ke nan, na shiga uku! Mai birkita kaya ta dawo! Sau-Ying, tun da kika kwanta ganyena yake barci lafiya, yau kuma kin zo ki tashe shi."

Tana faɗa tana ɗauko babban tire, ta cika shi, ta ɗora mata a cinya.

Hannun hagu ya fito daga cikin bargo. Wannan karon Kawu Kuen bai juya wajen masu dara ba. Ya ga ta ture na sama, ta tono na ƙasa. Ba ta kula manya ba, sai masu kaurin yatsa, waɗanda 'ya'yan furensu suke dunƙule kore shar ba su buɗe ba, ganyen kuma da ɗan farin gari a jikinsa kamar an barbaɗa hoda. Kowanne sai ta juya gindinsa ta duba wurin yanka. Mai farin ɗigo a tsakiya ta jefar gefe. Mai danshi, kore har ciki, ta danna masa farcen babban yatsa. Farcen ya shige, ruwa ya ɗan tsattsafo. Sai ta kamo hannun mijinta ta ɗora babban yatsansa a wurin, ta danna. Ta ɗauko wani cikin waɗanda ta jefar, ta sake danna masa. Na farko ya karɓi farce kamar ɗanyar gwanda, na biyu ya ƙi kamar katako.

"Ka ji bambanci?" in ji Gwaggo Mak. "Mai fure ya tsufa, kamarka. Waɗannan kuwa sanyin kwanan nan ya sa musu zaƙi."

Da aka auna aka ɗaure, Inna Ying ta nuna tulin ɗanyar citta, tsohuwa mai kaurin ɓawo, aka ɓallo mata. Sannan ta buɗe tafin hannu ta miƙa, ta tsaya tana jira.

"Ku zo ku gani!" Gwaggo Mak ta kwarma wa maƙwabtan rumfa. "Baki ya tafi hutu, amma hannu bai manta gyara ba!" Ta danƙa mata ganyen albasa, ta juyo wajen Kawu Kuen. "Kai kuma, citta ce take kashe sanyin ganye, ba a tafasa shi har ya mutu ba. Duk matan layinku sun san haka. Tsoro ne ya mantar da su."

Kicin ɗinsu ɗan tsukuku ne, keke ba ya shiga, don haka ya tsayar da ita a bakin ƙofa. Ta nuna murfin kasko da cokali, ya miƙa mata, bai san makami ya ba ta ba. Nan da nan suka fahimci juna: in ta buga murfi, ya ci gaba, in ta yi tsaki, ya yi ba daidai ba. Ya fere ɓawon gindin karan, ya yanka a karkace, ya ware ganye gefe ɗaya. Ya daddage citta da faɗin wuƙa ya matse ruwanta a ƙaramin kwano, ya sa sukari ɗan abin da yatsu za su tsinka. Ya kunna gas, wuta ta tashi da gurnani, ya yi maza ya rage. Tsaki. Ya ƙara. Tsaki. Ya murɗe har ƙarshe, sannan aka buga murfi.

Da mai ya fara hayaƙi ya watsa karan, kasko ya ɗauki ƙara kamar ruwan sama a rufin jirgi. Ya ɗiga giyar girki, harshen wuta ya tashi ya lashi gefen kaskon, Kawu Kuen ya yi tsalle baya yana kiran sunan uwarsa. Daga bakin ƙofa ya ji wani sauti, sai daga baya ya gane dariya ce. Ganye ya bi, ruwan citta ya bi, gishiri ya bi. Ya waiga yana neman murfi ya rufe, sai ya gan shi rungume a ƙirjinta, ba ta da niyyar bayarwa. Bai gama juyawa ba ta shiga buga murfin ba ƙaƙƙautawa.

"Haba tsohuwa, yanzu fa na zuba! Bai nuna ba!"

Ƙarar ta ƙaru har karen maƙwabta ya amsa. Ya juye a faranti. Kore shar, yana sheƙi, ƙamshin citta ya cika gida.

Ya yayyanka mata ƙanana da almakashi, ya zauna ya kawar da kai kamar ba ruwansa. Ta ɗebo ɗaya da cokali. Da ƙyar dai, amma ya isa baki. Daga inda yake ya ji ƙaras. Ta daɗe tana taunawa. Ta ƙara wani. Sannan ta nuna tukunyar shinkafa, ba ta kunu ba, ta shinkafar masu lafiya.

Ba wani ci na a zo a gani ta yi ba, kada in yi maka ƙari. Amma da Kin-Fai ya kira da yamma ya tambaya, Kawu Kuen ya ce, "Ta taɓa," kuma karon farko ke nan da maganar ta zama gaskiya. Zancen fita kam bai yi masa ba.

Haka suka ci gaba. Ranar da iska ta kwanta su fita tare, ranar da ta tashi ya je shi kaɗai ya dawo a yi masa jarrabawa a bakin ƙofa, rabin abin da ya zaɓo a jefar gefe. Daga gailan aka koma kifi, aka koma ƙwai. Wata rana ta ci, wata rana ta juya kai bango kamar da, ya kwana da ciwon rai. Taga ɗaya ya fara buɗewa da rana, ta kudu.

Ranar bikin tsakiyar hunturu Kin-Fai ya riga iyalinsa isowa, tun da hantsi. Ya tarar da ƙofa a kulle, taga a buɗe. Maƙwabciyar bene ba ta jira an tambaye ta ba, ta zazzage masa labari har da ƙari. Ya juya a fusace, sai ga su a bakin layi, uban yana turo wani tulin barguna da kwando a kai.

"Baba! A cikin sanyin nan?"

"Likita ce ta ce a riƙa fita da ita."

"Yau ka tuna da likita?"

"Na makara, amma na tuna."

Kin-Fai ya sunkuya zai ɗauke wa uwarsa kwandon daga cinya, sai ya ji tas a bayan hannu. Ya ja baya yana kallonta. Rabon da ta mare shi tun yana makarantar firamare.

Da yamma matarsa da 'yarsa suka iso. Aka jera kaza, aka jera kifi, da gasasshiyar dinya, 'yar'uwar agwagwa, da suka sayo a hanya. Saura ganye, shi ne na ƙarshe, don ba ya jiran kowa. Kin-Fai yana zaune ya ji an fara buge-buge a kicin kamar maƙera, ya tashi ya leƙa. Ya ga ubansa, mutumin da bai taɓa ganin ya soya ko ƙwai ba, yana juya kasko cikin wuta, uwarsa kuma tana ba da umarni da murfi. Ya daɗe a tsaye kafin ya koma mazauninsa.

A tebur kowa yana hira, amma idon Kin-Fai yana kan cokalin uwarsa. Ta ci gailan, ta ci kifi, ta kusa raba shinkafarta biyu. Har yanzu a rame take, munduwar tana yawo a hannu, kuma ya gani. Kawu Kuen bai roƙe shi ba, sai cika masa kwano yake yi.

"Baba," in ji yaron daga ƙarshe, "kai ma fa ba yaro ba ne. In ka faɗi a hanyar kasuwa fa?"

"Sai ka zo ka kwashe mu tare. Ka ce su haɗa gado biyu."

Kin-Fai ya murza goshi. Matarsa ta taɓa shi da gwiwar hannu.

"To. Zan ce wa gidan jinyar su ba wani mara lafiya gadon. Amma zan samo matar da za ta riƙa zuwa da safe tana taya ka wanka da ɗagawa, kuma ba na son musu. Sabuwar shekara zan dawo in duba munduwar nan. In ta ƙara sauka, maganarmu tana nan."

"Zo ka duba. Ka zo da sabulu."

Suna cikin haka Inna Ying ta ɗebo kara ɗaya a cokali, mai kyan cikinsu. Kowa ya zuba ido yana kallon cokalin nan yana rawa yana ƙetare tebur, har ya sauka a kan shinkafar ɗanta. Ta koma ta ɗebo wani ta nufi kwanon mijinta. Wannan bai kai ba, ya faɗo a kan tebur. Kawu Kuen ya tsince shi ya jefa a baki tun kafin wani ya ce uffan. Sannan ya ɗauki buta ya zuba mata shayi.

Yatsu biyu na hannun hagu suka ƙwanƙwasa tebur.

Ya ajiye butar a hankali, ya ce hayaƙin kasko ne ya shigar masa ido. Ita kuwa bakinta yana ta motsi, tana kokawa da wata kalma. Jikar ta matso da kunne.

"Kaka, me kika ce?"

"Gi... shi... ri."

"Ya yi yawa ne, tsohuwa, ko ya yi kaɗan?" in ji Kawu Kuen.

Ta ja tsaki. Har yau bai san amsar ba.

Suna nan a layinmu. In ka fito da safe ka ga hayaƙin turare ya miƙe tsaye, jira kaɗan za ka ga keken ya ɓullo. Barguna sun ragu, maganarta ta ɗan ƙaru, galibi ta gyara masa kuskure. Shi kuma yanzu ya zama gwani, in ya ga wata amarya ta ɗauki gailan mai fure a rumfar Gwaggo Mak sai ya matso ya ce, "'Yata, juya gindinsa ki gani." Gwaggo Mak takan ce da ta san haka zai zame mata, da ta bar shi ya ci gaba da sayen abincin zomaye.